Garin da Ya Fi Kwalli Laushi: Darasi a Kan Zuciyar Ƙaramin Batir

 Darasin wannan fitowa ya shafi abin da kusan kowa ke yawo da shi: batirin litiyam. Yana cikin waya, yana cikin fitilar sola da muke karatun dare da ita, yana cikin agogon hannu da kalkuleta. Daga shagunan caji na Kwanar Ɗangora zuwa kasuwar Tudun Wada, ba a rasa mai tambayar inda zai jona wayarsa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa ƙarfin batir ya rataya ne a kan wani baƙin gari, kuma laushin garin nan shi ne abin da masana ke ta fama da shi fiye da shekara 30. A ƙarshen darasin za mu ga yadda zancen ya zo har duwatsun Riruwai.

Me ke cikin batir?

Batirin litiyam yana da manyan sassa uku. Akwai katod, wato ɓangaren da ke da alamar tarawa. Akwai anod, ɓangaren da ke da alamar ɗebewa, wanda galibi ake yi da girafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir. A tsakaninsu akwai ruwan batir, da wata siririyar leda mai ƙananan ƙofofi da ke hana sassan biyu taɓa juna.

Shi litiyam ƙarfe ne, na 3 a jadawalin sinadarai. Duk cikin ƙarafa babu wanda ya kai shi rashin nauyi, har yana iya tasowa a saman ruwa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan August Arfwedson, ya gano shi a 1817, aka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin dutse.

Idan muka sa waya a caji, ƙwayoyin litiyam masu ɗauke da lantarki, waɗanda ake kira ayon, suna fita daga katod, su ratsa ruwan batir, su shige cikin anod. Idan muka cire ta muka fara aiki da ita, sai su kamo hanyar komawa katod. Su kuma ilektiron ba sa iya bin ruwan, dole su zagaya ta cikin wayoyin na'urar. Wannan zagayen nasu shi ne wutar da ke kunna allon waya.

Mu ɗauki misali da madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin gwamna Audu Baƙo. Yin caji kamar tara ruwa ne a bayan madatsa. Tsayin da ruwan zai faɗo shi ne abin da ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da aka tara shi ne yawan cajin da batir ke riƙewa. Faɗin ƙofar da ake buɗe wa ruwan kuma shi ne saurin da batir zai iya ba da wuta. A duk ukun nan, katod na da babban hannu. Shi ne kuma ya fi kowane sashe na batir tsada.

Waɗanda suka share hanya

A shekarun 1970 Stanley Whittingham ya haɗa batirin litiyam mai karɓar caji a kamfanin Exxon na Amurka, sai dai yana da haɗarin kamawa da wuta. A 1980 John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford ta Ingila suka samo katod na litiyam da kobalt, mai ba da kusan bolt 4. A 1985 Akira Yoshino na Japan ya haɗa wannan katod da anod na kabon, aka sami batirin da za a iya sa wa a aljihu. Kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta kemistiri a 2019, lokacin Goodenough yana da shekara 97.

Da hannun 'yan Afirka a wannan aiki. Rachid Yazami ɗan Maroko ya nuna, a farkon shekarun 1980 a Faransa, cewa litiyam na iya shiga girafait ya fita. Michael Thackeray ɗan Afirka ta Kudu ya jagoranci samo katod na manganis a 1983. Daga baya, a 1997, Goodenough da ɗalibansa a Jami'ar Texas suka bayyana katod na litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet, wanda ake taƙaitawa da LFP. A kan wannan na ƙarshen za mu fi tsayawa, domin shi ne a yawancin baturan sola na litiyam da ake kawowa kasuwanninmu yanzu.

LFP yana da arha, ba ya saurin kamawa da wuta, kuma ba ya buƙatar kobalt, wanda kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa. Amma da farko yana da babban aibi: lantarki ba ya ratsa shi da sauƙi, litiyam ma a hankali yake tafiya a cikinsa. Maganin da aka samo shi ne a mayar da shi gari mai tsananin laushi, a kuma lulluɓe kowace ƙwaya da kabon. Nan ne kalmar nano ta shigo.

Mene ne nano?

Mu ɗauki rula. Ƙaramin tsagi ɗaya milimita ne. A raba shi gida 1,000, kowane kashi maikuromita ne. A sake raba maikuromita gida 1,000, kowane kashi nanomita ne. Ke nan a cikin mita 1 akwai nanomita biliyan 1. Kaurin silin gashi yana kaiwa nanomita 50,000 zuwa 100,000. Farcenmu yana tsiro da kusan nanomita 1 a kowace daƙiƙa. Idan aka ce abu mai tsarin nano ne, ana nufin ƙwayoyinsa, ko ƙofofinsa, ko kaurinsa, suna tsakanin nanomita 1 da 100. Madubin ɗakin gwaje-gwajenmu ba zai nuna su ba, sai babban madubi mai aiki da ilektiron.

Me ya sa ake ƙanƙanta ƙwayoyin?

Dalili na farko shi ne faɗin fuska. Duk wadda ta taɓa miyar kuka ta san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙule saurin narkewa, saboda ruwa na taɓa ta ta ko'ina. Mu yi lissafi. Dunƙule mai fuska 6 wanda kowane gefensa santimita 1 ne, faɗin fuskokinsa duka santimita murabba'i 6 ne. Idan aka yanyanka shi zuwa ƙananan dunƙule masu gefen nanomita 10, nauyinsa bai canja ba, amma faɗin fuskokin ya zama mita murabba'i 600, wato fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20. Litiyam ta fuska yake shiga katod. Ɗalibai 600 da za su shiga zauren taro ta ƙofa ɗaya za su daɗe a layi. Idan ƙofofin sun kai 100, kafin a ƙifta ido kowa ya zauna.

Dalili na biyu shi ne gajarta tafiya. A cikin ƙwayar katod, ayon ba ya miƙewa kamar mota a titin Kano zuwa Jos. Yana kai-komo ne, ya yi gaba ya yi baya. Saboda haka lokacin da yake ɗauka yana tafiya ne da nisa sau nisa. Idan aka rage nisan sau 10, lokacin zai ragu sau 100. Idan aka rage ƙwaya daga nanomita 10,000 zuwa 100, an rage nisa sau 100, lokaci kuma sau 10,000. A takarda, tafiyar da ke cin kusan awa 3 ta koma daƙiƙa 1.

Dalili na uku ya shafi LFP musamman. Hanyoyin litiyam a cikinsa kamar ƙananan lunguna ne marasa mararraba. Idan ƙwayar ƙarfe ɗaya ta zauna inda ba wurinta ba, ta toshe lungun, kamar jaki ya kwanta a lungun da ba ya ɗaukar mutum biyu. Dogon lungu ya fi yiwuwar samun irin wannan cikas. Idan lungunan gajeru ne, yawancinsu a buɗe za su kasance.

Dalili na huɗu: ƙwayar katod tana ɗan kumbura ta motse duk lokacin da litiyam ya shiga ko ya fita. Babbar ƙwaya tana tsagewa a hankali, kamar yadda ginin ƙasa ke yi tsakanin damina da rani. Ƙaramar ƙwaya ta fi jure wannan.

Yadda ake haɗa garin

Hanya mafi tsufa ita ce niƙa da gashi. Ana auna sinadaran, a niƙa su tare a cikin tukunya mai juyawa da ƙwallayen ƙarfe ko na tangaran, a gasa a zafin digiri 700 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas. Tana da sauƙi, amma zafi mai yawa yana sa ƙwayoyin su manne da juna su girma.

Hanya ta biyu ita ce ta dama. Ana narkar da sinadaran a ruwa, a zuba wani abu kamar sinadarin tsamin lemo wanda ke riƙe su kada su rabu. Ana dumamawa har ruwan ya yi kauri kamar kamu, a busar, sannan a gasa. Da yake sun riga sun gauraya sosai tun suna ruwa, ba a buƙatar dogon gashi, ƙwayoyin kuma sukan fito ƙanana.

Hanya ta uku ita ce dafuwa a rufaffiyar tukunya. Ana zuba ruwan sinadaran a tukunyar ƙarfe mai kauri, a ɗaure murfinta tam, a dumama zuwa digiri 120 har 200. Tururi ba shi da mafita, sai matsi ya ƙaru, ƙwayoyin su tsiro a cikin ruwan. Ta hanyar canja zafi da lokaci da tsamin ruwan, masani zai iya samun ƙwayoyi masu kama da sanda, ko faranti, ko fure.

Bayan haka sai sanya riga. Abin mamaki, sukari na daga cikin abubuwan da ake amfani da su. Ana cakuɗa garin LFP da sukari, a gasa a wajen digiri 600 zuwa 700 a cikin tanderun da aka kore iskar oksijin daga cikinsa. Da yake babu oksijin, sukarin ba ya cin wuta, sai ya koma gawayi, kamar yadda masu gawayi ke rufe itace da ƙasa. Wannan siririyar rigar kabon, mai kaurin 'yan nanomita, ita ke kai ilektiron ga kowace ƙwaya.

Batir mai girman ƙwayar yashi

Wasu na'urori ba su da wurin ɗaukar batir ko da mai girman maɓallin riga ne: na'urorin da likitoci ke dasawa a jiki, katunan zamani, da ƙananan ma'aunan da ake ajiyewa a gona ko a jikin inji su riƙa aika bayani. A irin waɗannan ba a son ruwa, don kada ya zubo. A farkon shekarun 1990, John Bates da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka suka samo wani abu mai kama da gilashi da ke maye gurbin ruwan batir. Ana kiransa LiPON.

Irin wannan batir ba a zuba masa gari. Ana sa faifan katod a cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa, a riƙa harbinsa da ayon na iskar argon. Ƙwayoyin da suka tashi daga faifan su sauka a kan wani faranti, kamar yadda ƙurar hunturu ke kwanta a kan tebur, har su yi shimfiɗa mai kaurin 'yan maikuromita. A bi da shimfiɗar LiPON, a bi da ta anod. Duka shimfiɗun a haɗe ba su kai kaurin silin gashi ba.

Matsalar ita ce siririyar shimfiɗa ba ta riƙe caji da yawa, idan kuma aka ƙara mata kauri sai litiyam ya yi nawa. Dabarar ita ce a yi gini sama. A maimakon shimfiɗa, a tsayar da ƙananan ginshiƙai ko katangu, kowanne siriri amma dogo. A 2013 masana daga Jami'ar Harvard da Jami'ar Illinois, cikinsu har da Jennifer Lewis, suka yi tawada da garin nano na LFP, suka buga batir mai girman ƙwayar yashi da na'urar ɗab'i mai gina abu hawa-hawa. Katod da anod sun shiga juna kamar haƙoran mataji biyu. Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Kowace riba da kuɗinta

Faɗin fuskar nan da ke kawo sauri shi ne kuma ke ba ruwan batir damar cin katod, musamman idan da zafi, sai batir ya tsufa da wuri. Gari mai laushi sosai ba ya cushewa da kyau, yana barin sarari tsakanin ƙwayoyi, sai ya ci wuri. Haɗa shi yana da tsada, shaƙar ƙurarsa kuma na cutar da huhu. Don haka masana'antu kan dunƙule ƙananan ƙwayoyin su zama manya masu ƙofofi, kamar curin fura da aka yi da lallausan gari.

Ina ruwan yankinmu?

Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, tana zaune cikin zoben duwatsu da suka samu daga aman wuta fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Tun kafin zuwan Turawa mutanenta ke narka kuza, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni masu nisa. Masana duwatsu da suka yi nazarin jijiyar kuzar Riruwai, mai tsawon kusan kilomita 5, sun sami wani dutse mai ƙyalli da ɓawo-ɓawo a tare da ita, mai ɗauke da litiyam. Sunansa zinwaldait, daga garin Zinnwald da ke kan iyakar Jamus da ƙasar Cek, inda kamfanoni ke shirin ciro litiyam daga irin wannan dutse. Sai dai samun sinadari a dutse daban, samunsa da yawan da zai biya kuɗin haƙa daban. Sai an huda ƙasa an auna ake yanke wannan hukunci.

A Tudun Wada kuma akwai tsibin ɓuntun shinkafa a bayan injinan casa. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyin ɓuntu sinadarin silika ne, kuma shukar da kanta ta tsara shi ƙanana-ƙanana. A 2013 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka da cibiyar KAIST ta Koriya ta Kudu suka nuna ana iya ciro silikon mai tsarin nano daga ɓuntu a yi anod da shi.

A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa dutsen litiyam a jihar Nasarawa. Amma daga dutse zuwa batir akwai matakai: a haƙo, a tace, a mayar da shi gishirin litiyam mai tsabtar kashi 99.5 cikin 100, a haɗa garin katod, a harhaɗa batir. Ƙasar Sin ce ke riƙe da mafi yawan matakan ƙarshe. Matakin farko shi ne mai ƙarancin kuɗi da yawan haɗari. A watan Disambar 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara ƙanana da ke aikin tsince dutsen litiyam a Pasali ta jihar Nasarawa, maimakon zama a aji. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga dakan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a 2010.

Idan aka fara sayen irin wannan dutse a kusa da mu, wasu cikinmu za su ji kiran kuɗin hannu. Mu tuna cewa mai tono buhu yake sayarwa, wanda ya iya haɗa garin kuma shi ke yanka farashi. Hanyar zuwa can ta cikin ajin kemistiri da fizis da lissafi ta bi, daga nan zuwa Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Gargaɗi ga kowane gida

Batirin nan mai kama da kwabo da aka rubuta wa CR2032 faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3, kuma ba a yi masa caji. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. Kada a sa shi amai, kada a jira a ga alama, a garzaya da shi asibiti. Batirin waya da ya kumbura kuwa kada a huda shi, kada a ci gaba da cajinsa, kada a jefa shi a wutar bola. Kada kuma a bar waya a rana ko a ƙarƙashin matashi tana caji.

Gwaji da tambayoyi

A samo ƙwayar sukari 2 irin na kwali. A daka ɗaya, a bar ɗaya. A zuba su lokaci guda a kofi 2 masu ruwa daidai wa daida, a juya kowanne sau 10, a duba agogo. A rubuta abin da aka gani da dalilinsa.

1. Idan aka rage girman ƙwayar katod sau 20, sau nawa lokacin tafiyar litiyam zai ragu?
2. Idan aka yanka dunƙulen nan mai santimita 1 zuwa ƙananan dunƙule masu nanomita 100, nawa ne faɗin fuskokinsu a mita murabba'i?
3. Me ya sa ake kore oksijin kafin a gasa LFP da sukari?

A miƙa amsoshi ga malamin kemistiri ko a jefa a akwatin ƙungiya. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka ukun a fitowa ta gaba.